Jaje a Birnin Rum

Wani ne a unguwar Ammariyya ta nan Jidda, zamanin da famfo bai shiga gidaje ba. Ga-ruwa yake yi. Kullum yana tsakanin bazan, wurin ɗiban ruwan unguwa, da ƙofofin mutane, garwa biyu a sanda, sanda a kafaɗa. Ƙarfi kamar raƙumi. Hankalin ne dai da cokali aka auna masa. Amma fa akwai zumunci. Ko akuyar mutum ce ta yi ɓari, shi ne na farko wajen jaje. Shekarar da ruwan sama ya kwantar da tsofaffin gidaje a Balad, tsohon cikin gari, sai da ya bi su kango-kango yana durƙuso. Wanda bai tarar da kowa a ciki ba, kyanwar gidan ya yi wa sannu.

Cikin gidajen da yake kai wa ruwa akwai na wani attajiri Balarabe. Ciwon ido ya matsa wa attajirin nan, likita ya ce sai dai birnin Rum, can ƙasar Italiya. Attajirin ya ce zai tafi da direbansa Rafi'u, haifaffen Jidda, mai fara magana da Hausa ya ƙarasa da Larabci, da kuma kukunsa Ubale, Bahaushen Sudan. Saura mai ɗaukar akwatuna. Ya dubi kafaɗar mutumin namu ya ce, "Halas, shi ke nan, wannan ya isa. Amma ya nemo suturar kirki, kada ya ba ni kunya a ƙasar mutane."

Jallabiyarsa ɗaya ce, ita ma sanda ta cinye kafaɗarta. Matarsa Mastura ta ce, "Ai akwai rigar Baba a sanduƙin Inna."

Surukarsa Hajja Dela tsohuwa ce da ba a ganin haƙorinta sai wajen asuwaki. Tun ranar da aka ɗaura auren nan take cewa an ba ta siriki mai rawar ƙafa da yawan baki. Haka nan dai ya je, ya tuɓe takalmi tun daga bakin titi, ya durƙusa a ƙofar ɗaki, kai a ƙasa.

"Riga kake so?"

"Aro, Inna."

"Rigar marigayi Malam?"

"Ita, Inna. Ai da ma ina hanya na gamu da Bawa, ya ce akuyarsa..."

"Rufe mini baki. Rigar nan a ƙafa ta zo daga Kano. Ta ratsa Barno, ta ratsa Sudan, ta haye Maliya a jirgin katako, ko zare ɗaya bai zare ba. Malam in ya sa ta, tsayawa yake ƙyam, bakinsa a rufe, sai an tambaye shi. Kai kuwa ko sallama ka yi sai ka haɗa da labarin akuya."

Ta buɗe sanduƙi, ƙanshin kafur ya cika ɗaki. Ta fito da babbar riga ta tsamiya, aiki tun daga wuya har cibiya, da rawani fari da hula. Ta miƙo, amma ba ta saki ba.

"Ka kawo mini 'yata ta zauna a nan har ka dawo. Riga ta shigo, Mastura ta fita. Riga ba ta shigo ba, ka nemi wata surukar."

"Na ji, Inna."

"Ji ba shi ne ba. Tashi ka ba ni wuri."

Suka hau jirgin sama. Tun daga Jidda har Rum a tsugune ya tafi a kan kujera, ya tattare rigar a cinya, don kada ta yamutse. Abincin jirgi ma bai ci ba, wai miya tana tsalle.

Da aka yi wa attajiri aiki aka naɗe masa ido, sai ya ce da su, "Ni ba abin da zan gani. Ku je ku ga gari, ku dawo ku ba ni labari." Ya ba Rafi'u kyamararsa. Aka haɗa su da wani tsohon ɗan tasi, Bature, wanda ya taɓa zama a Tarabulus. Yana jin Larabci, amma in yana yi kamar mai taunar tsakuwa.

Rafi'u ya sa baƙin tabarau, Ubale ya sa kwat. Mutumin namu ya sha riga da rawani, ya cika aljihu da dabino, ya shiga mota da baya-baya don kada ƙofa ta kama gefen riga.

Wuri na farko da ɗan tasi ya kai su wani ƙaton gini ne zagayayye, tagogi hawa-hawa, ba rufi, ba ƙyaure, gefe guda duk ya zube. Jama'a cike, kowa ya ɗaga kai yana kallo.

Rafi'u ya ce, "Masha Allah! Shuf, ya Ubale, dubi gini!"

Mutumin namu kuwa salati ya saka. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Ashe su ma an yi musu ruwan?"

Kafin su ce wani abu ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu. Ya duba ya hango wani dattijo mai hular gadi zaune a kan kujera a bakin ƙofa, ya yi tagumi. Ya ce a ransa, ga maigidan nan, Allah sarki. Ya je ya tattare riga ya durƙusa a gabansa.

"Sannu, Baba. Ashe abin da ya faru ke nan? Wallahi ba mu ji ba, da tun daga filin jirgi nan za mu fara zuwa. Allah ya mayar da alheri. Allah ya tsayar iya nan."

Mai gadi ya dubi mutum a tsugune, fuska a yamutse, ya dafe ciki da riga. Ya ɗauka bayan gida yake nema. Ya miƙa hannu ya nuna masa can gefe.

Mutumin namu ya waiwaya, ya girgiza kai. "Kun gani? Wai har can ma ya rushe."

Ubale ya ja shi. "Kai, tashi! Ba gidan kowa ba ne, wurin kallo ne."

"Kallo? Gidan mutum ya faɗi a ce kallo? Rafi'u, tambayar mini direban nan yaushe abin ya faru."

Rafi'u ya tambaya yana ƙunshe dariya. Ɗan tasi ya ce ai an fi shekara dubu.

"Shekara dubu! Kuma duk danginsu ba wanda ya kawo ko bulo ɗaya? To, an rasa rai?"

Ɗan tasi ya ce rayuka kam ba iyaka, domin a nan ciki zakuna suke cinye mutane.

Mutumin namu ya dafe rawani da hannu biyu. "Ga rushewar gida, ga zaki! Wannan bawan Allah ya ga jarrabawa." Ya juya ya ƙare wa 'yan kallo kallo. Maza da gajeren wando, mata kai ba ɗankwali, kowa na lasar ƙanƙara. "Dubi 'yan jajen ma. Ko kwanon tuwo ba wanda ya riƙo."

Rafi'u ya ɗaga kyamara. "Yalla, ku tsaya nan. Ka yi murmushi, ya shaikh."

"Murmushi a gidan jaje? Ba da ni ba. Ni an yi mini tarbiyya."

Ya koma ya juye rabin dabinon aljihunsa a cinyar mai gadi, ya ce a ba yara, ba yawa. Mai gadi ya bi shi da kallo, baki buɗe.

A mota Ubale ya yi ta yi masa bayani, cewa su mutanen nan da gangan suke barin tsohon gini a rushe don a zo a gani. Mutumin namu ya ce, "Haka za su ce mana. Talaka mai mutunci ai ba ya faɗin babu."

Daga nan ɗan tasi ya bi da su wasu lunguna, ya ajiye mota, suka taka. Tun kafin su fita daga lungun mutumin namu ya tsaya cak, ya karkata kunne. Ƙarar da ya ji ta fi masa kukan zaki tashin hankali. Ruwa ne yake zuba.

Suka ɓullo wani fili. Ga ruwa yana fitowa daga jikin wani babban gida, yana kwarara a kan duwatsu, fari tas, yana taruwa a wani tafki. Ba garwa a ƙasa, ba tulu, ba layi. A bazan ɗin Ammariyya, in ka bar famfo yana ɗiga, shugaban 'yan ga-ruwa sai ya hana ka ɗiba ranar nan. Ga shi nan ruwan sha yana tafiya a banza, mutane sun kewaye suna dariya.

"Bututu ya fashe!" ya kwarma ihu. "Jama'a, bututu ya fashe! Ina shugaban 'yan ga-ruwan garin nan?"

Rafi'u ya ce, "La, la, ya akhi, ado ne! Ado ne kawai!"

"Ado da ruwan sha? Wanda ya zube tun zuwanmu ya ishi Ammariyya da unguwar Mahjar wanka da wanki, har a yayyafa wa tsakar gida!"

Sai ya ga mutane suna juya baya suna jefa kwabbai a cikin tafkin. Ya nuna wa Ubale. "To, ka gani? In ado ne, me ya sa ake tara gudummawar gyara? Kunya ce ma ta sa suke juya baya, don kada a ce sun yi riya. Kuɗi kowa ya iya jefawa. Mai shiga ya toshe ne babu."

Ya tuɓe babbar riga a hankali, ya ninke, ya ɗora wa Ubale a hannu biyu.

"Riƙe mini aurena. Ko ɗigo kada ya taɓa shi."

Ya naɗe wando, ya faɗa tafki. Ya ratsa ruwa har ƙugu, ya hau duwatsu kamar mai hawa benen attajiri da garwa. Ya lalubo wata kafa da ruwa ke fitowa, ya warware rawanin Malam, ya dunƙule, ya cusa, ya bi da dunduniya. Kafar ta toshe. Ruwan ya nemi hanya ta gefe, ya yi tsiri, ya sauka a kan wasu Turawa da ke cin taliya a bakin wani kanti.

Ihu ya tashi. Usur ya tashi. Wani ɗan sanda mai ƙaton ciki da farar hula ya shiga ruwa da takalminsa, ya kamo shi ta ƙugun wando ya fito da shi.

Mutumin namu yana ɗiga yana cewa, "Ba komai, ranka ya daɗe, ba sai an gode ba. Saura kafa uku, a samo mini tsumma."

Ɗan tasi ya yi ta magana da hannu da ƙafa, yana nuna mutumin, yana nuna kansa, yana juya yatsa a gefen kunne. Da ƙyar ɗan sanda ya sake shi, bayan ya ja kunnensa da kyau, ya ce in ya ƙara ganinsa sai ɗakin duhu. Rawani kuwa yana can cikin kafa.

Ubale ya ce, "Rawani ya tafi. Me za ka ce wa Hajja?"

"Riga ta ce. Ba ta ce rawani ba. Ina durƙushe na ji da kunnena."

Ɗan tasi ya ce bari ya kai su inda ba kango, ba ruwa, mutumin nan ya bushe. Ya kai su wani lambu mai itatuwa da kujeru. Suka zauna a rana. Da wando ya sha iska, mutumin namu ya karɓi riga ya duba ta ciki da waje. Ba tabo. Ya yi hamdala, ya sa, ya ci dabino. Har ya fara ba su labarin akuyar Bawa, sai ya ɗaga kai, labarin ya maƙale.

Gabansu kaɗan, a kan wani ɗan dakali, ga siffar wani dattijo an sassaƙa da farin dutse. Tsawon mutum, gemu har ƙirji, hannu ɗaya a ɗage. Ba riga, ba wando, ba bante. Ganye ɗaya tak aka manna masa, shi ma ba wani babba ba.

Mutumin namu ya rufe ido da hannun riga. "A'uzu billahi! Wane ne wannan?"

Ɗan tasi ya ce wani babban malaminsu ne na zamanin da, mai ilimi ƙwarai.

"Malami! Malami guda a bakin hanya haka?"

Ubale ya ce, "Kai, dutse ne fa."

"Na san dutse ne, ni makaho ne? Amma ai siffar kakan wani ce. Jikokinsa ta nan suke wucewa kasuwa. Gida ya rushe, bututu ya fashe, yanzu ga malaminsu ko ƙyallen da za a rufa masa asiri babu. Wallahi garin nan abin tausayi ne."

Ya cire hula ya je ya gwada rataya ta inda ya kamata. Ta faɗo. Ya sake, ta sake faɗowa. Yana cikin haka sai ya ji hayaniya. Ya waiwaya, ya hango wasu mata masu hidimar coci, sun yi lulluɓi baƙi da fari, sun jero da 'yan mata 'yan makaranta, sun nufo wajen.

Bai tsaya shawara da kowa ba. Ya ɗare dakali, ya cire babbar riga, ya zura wa dattijon ta ka. Ta sauka har ƙasa. Hannun nan da ke ɗage ya tattare gefenta a kafaɗa, kamar wanda ya saba. Ya ɗora masa hula, ya ɗan karya ta gefe. Sai ga malami ya fito malami.

'Yan mata suka sa tafi. Masu wucewa suka taru. Rafi'u dariya ta kayar da shi, amma sai da ya ɗauki hoto.

Mutumin namu ya sauko daga shi sai singileti da wando, yana share hawaye. "Kun ga yadda ta zauna masa?"

Ubale ya ce, "Ta zauna. To, hau ka ciro aurenka mu tafi."

Nan ne fa ya tuna. Ya ga sanduƙi, ya ga Hajja Dela, ya ga Mastura a bayan labule. Ya sake hawa dakali, ya kama gefen riga, ya ɗaga ta har gwiwar dattijo. Ya waiwaya. Matan cocin nan sun shimfiɗa mayafi a gindin dakalin, sun zaunar da 'yan mata, an buɗe burodi, duk ido a sama.

Ya saki riga.

"Ciro mana!" in ji Ubale.

"In tuɓe malami a gaban yara mata? Suna cin abinci?"

"Ya majnun, matarka!" in ji Rafi'u.

"Na sani! Bari su gama su tafi."

Ba su gama ba. Wata ma sai ta fito da takarda ta fara zana dattijon da rigarsa. Mutumin namu ya ɗaga riga, ya saki. Ya ɗaga, ya saki. Can sai usur. Ɗan sandan nan ne mai ƙaton ciki, takalminsa bai ko bushe ba, ya taho yana huci da wasu biyu a bayansa.

Ɗan tasi ya ce in aka kama shi wannan karon, sai gemunsa ya kai na dattijon kafin ya fito. Rafi'u ya kama hannu, Ubale ya kama ƙafa, suka jefa shi a mota. Yana leƙe ta taga yana kira, "Malam, aro ne fa! Aro ne!"

A jirgin dawowa bai ce uffan ba. Ubale ya ce tun da ya san shi bai taɓa jin shirunsa ba sai ranar.

Da suka sauka Jidda ya roƙi abokan nan su raka shi, ko a samu masu shaida. Rafi'u ya wanko hoto ya sa a aljihu. Bayan la'asar suka yi sallama a gidan Hajja Dela. Tana zaune a kan darduma da carbi, sanduƙi a buɗe a gefenta, an zuba sabon kafur. Mastura tana bayan labule, ta ɗaure kayanta tun safe.

Suka durƙusa. Aka gaisa. Hajja Dela ta dubi hannunsa na dama, ta dubi na hagu.

"Ina riga?"

"Inna, wato garin nan da muka je, musiba ce ta auka musu. Gidan babban mutum ya faɗi, ga zakuna, ga bututu..."

"Ina riga?"

"Tana jikin wani malami, Inna."

Labule ya motsa. Aka ji Mastura ta ajiye ƙullin kayanta a ƙasa, tim.

Rafi'u ya yi sauri ya miƙa hoto. Hajja Dela ta karɓa da yatsa biyu. Ta kai shi nesa, ta kawo shi kusa, ta juya wajen haske. Ta daɗe tana kallo. Ga riga ta zauna, ga hula a karye, ga gemu, ga mutum a tsaye ƙyam.

"Tun yaushe yake tsaye a nan?"

Ubale ya ce, "An ce tun kafin kakannin kakanninmu, Hajja."

"Bai gusa ba?"

"Ko taki ɗaya."

"Da aka sa masa rigar, me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Hajja."

"Ko labarin akuya?"

"Ko shi."

"Yana bin gidaje jaje?"

Rafi'u ya kasa haƙuri. "Ya Hajja, hada hajar! Dutse ne fa, dutse!"

Hajja Dela ta ɗago kai ta harare shi.

"Na ji dutse ne, ni ba kurma ba ce. Tambayarku nake, yana da iyali?"